Idan Sunan Majinyaci Ya Canza: Jagora Ga Ma'aikatan Ma'ajiyar Jini a Asibiti

Ma'aikacin da ke ma'ajiyar jini ba ya ganin majinyaci. Abin da ke zuwa gabansa kwalbar samfur ce da fom, kuma da rubutun da ke jikinsu zai yanke hukuncin ledar da za a ɗaura wa mutum. Yawancin ƙarin jinin da ya saɓa wa rukunin ABO (wato A, B, AB ko O) ba daga kuskuren gwaji yake fitowa ba. Gwajin yakan yi daidai, sai dai an yi shi ne a kan jinin wani, ko an kai ledar gadon wani. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 10, aka wallafa a 2003, ya gano cewa kusan kwalba 1 cikin 2,000 tana ɗauke da jinin wani mutum dabam da wanda aka rubuta sunansa a jikinta.

A ƙasar Hausa matsalar ta fi faɗi, domin da wuya ka samu mutum mai suna guda. Khadija ita ce Hadiza, ita ce Dije. Abubakar yana amsa Garba da Habu da Buba da Sadiƙ. Usman Shehu ne, Fatima Binta ce, Hauwa Kulu ce ko Jidda. Wanda aka yi wa takwara da kakansa, Abba ko Baffa aka san shi da shi a gida, har shi kansa sai ya yi jim kafin ya amsa sunan yanka. Ga sunayen rana irin su Ladi da Talatu da Ɗanjuma. Wanda ya tsallako daga Maraɗi ko Damagaram kuwa, takardarsa Ousmane ko Aïchatou za ta nuna, mai yankar kati ya rubuta Usman ko A'isha.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta

Abubuwa huɗu ake gane majinyaci da su: sunan yanka, sunan mahaifi ko na dangi, ranar haihuwa, da lambar asibiti. Wurare huɗu kuma dole su nuna waɗannan abubuwa iri ɗaya, harafi da harafi: awarwaron shaida da ke hannun majinyaci, kwalbar samfur, fom ɗin neman jini, da sitikar da aka manna a ledar jini. Lambar gado da sunan ɗaki ba shaida ba ne, saboda ana sauya wa mutum gado cikin dare ba tare da ma'ajiyar jini ta sani ba.

A cikin huɗun nan, suna ne ya fi rauni. Ranar haihuwa ma ba ta da ƙarfi a wurinmu, tunda dattawa da yawa 1 ga Janairu aka rubuta musu. Lambar asibiti ce ginshiƙi. Mutum ɗaya, lamba ɗaya, har abada, kuma ba a sake ba wani ita ko mai ita ya rasu. Suna yana iya canzawa a ƙarƙashin lamba, amma ba a goge tsohon suna. Ana mayar da shi gurbin "sauran sunaye" ne, tare da ranar da aka canza da sa hannun wanda ya canza.

A wurin yankar kati

Nan ake haifar da rabin matsalar, nan kuma ya fi arha a kashe ta. Kada mai kati ya ce "Ke ce Hadiza?" Mara lafiya mai jin jiki, ko mai kunya, "eh" za ta ce wa duk sunan da ya yi kama da nata. A ce mata: "Hajiya, faɗa mini sunanki na yanka da na mahaifinki." Sannan a bi da tambayoyi biyu da ba a cika yi ba: "Akwai wani suna da ake kiranki da shi?" da "Kin taɓa yankar kati a nan, ko an taɓa yi miki ƙarin jini a wani wuri?"

A rubuta suna yadda yake a katin shaida idan akwai, a saka lambar NIN mai alƙaluma 11 a matsayin ƙarin hujja. Alhaji, Hajiya, Malam, Amarya, Maman wane, duk ba sa shiga gurbin suna. Lambar waya tana taimakawa wajen bincike amma ba shaida ba ce, domin gida guda kan yi amfani da wayar maigida.

Kafin a buɗe sabuwar folda, a binciki kwamfuta ko akwatin kati ta hanya fiye da ɗaya. Kwamfuta ba ta san Aisha da A'isha da Aishatu mutum ɗaya ba ne, haka Ƙasimu da Kasimu, Mu'azu da Muazu, Muhammad da Mohammed da Mamman. A nema da haruffa uku na farko, a haɗa da shekarar haihuwa. Matar aure a neme ta da sunan mahaifi, a sake nemanta da sunan miji. Ya kamata asibiti ya tsayar da magana ɗaya a kan wannan: sunan mahaifi ya fi dacewa da babban gurbi, saboda aure na iya mutuwa a sake wani, mahaifi kuwa ba ya sauyawa.

Akasin haka ma yana faruwa, wato mutum biyu masu suna ɗaya. 'Ya'yan wa da ƙani da aka sa wa sunan kaka, ko kishiyoyi masu suna ɗaya da suka ɗauki sunan miji, adireshinsu ma ɗaya. Idan irinsu suka haɗu a ɗaki guda, a manna jar sitikar gargaɗi a foldojinsu da fom ɗinsu, a raba musu gado nesa da juna, a sanar da ma'ajiyar jini.

Ɗaukar samfur

A ɗebi jini daga mutum ɗaya, a rubuta kwalbarsa a gefen gadonsa kafin a ɗaga ƙafa, ana kwafa daga awarwaro, ba daga folda ba. Ba a rubuta kwalba kafin a ɗebi jini. Wanda ya ɗiba shi ne zai rubuta, ya sa hannu da rana da lokaci.

Idan kwalba ta iso da sunan da ya saɓa wa fom, ko da harafi ɗaya ne, a ƙi karɓa, kuma kada a bari kowa ya zo ɗakin gwaji ya gyara rubutun. Masu kawo samfur za su ga kamar tsanani ne, to akwai dalili. Binciken da aka yi a asibitin Johns Hopkins na Amurka a 1997 ya nuna kwalbar da rubutunta ke da kuskure ta ninka mai rubutu daidai kusan sau 40 wajen yiwuwar ɗauke da jinin wani. Hannun da ya yi sakaci a rubutu, sau da yawa ya yi sakaci a gado.

Duk wanda ba shi da tarihin rukunin jini a ma'ajiya, a nemi samfur na biyu kafin a ba shi jinin rukuninsa. Birtaniya ta sa wannan cikin ƙa'idojinta tun 2012. Sharaɗin shi ne a ɗebi na biyun a wani lokaci dabam, da sabuwar tambaya, in da hali wani ma'aikacin ne zai ɗiba. Dabarar ɗibar kwalba biyu a huda ɗaya a ɓoye guda a aljihu zuwa anjima ta rushe amfanin abin gaba ɗaya, don idan na farko jinin wani ne, na biyun ma haka.

Canjin suna alhali majinyaci yana kwance

Dalilan suna da yawa: an gano kuskuren rubutu, dangi sun kawo katin shaida, mutum ya kawo takardar rantsuwar kotu ta sauya suna, ko ya sauya addini ya ɗauki sabon suna. Hatsarin guda ne. Mai kati ya gyara suna a kwamfuta da ƙarfe 10 na safe, alhali leda biyu na cikin firijin ɗakin tiyata da tsohon suna. Nas ta buga sabon awarwaro, ledar ta iso, sunaye sun saɓa. Daga nan ko dai a tsaya neman bayani jini na zuba, ko a ce "ai shi ne" a ɗaura. Wanda ya saba da "ai shi ne" wata rana zai faɗe ta a kan wanda ba shi ba ne.

Ga yadda za a bi:

1. Ofishin kati kaɗai ke canza suna, bisa hujja a rubuce. Nas ko likita ko ma'aikacin ɗakin gwaji ba sa gyara shi da biro.

2. Kafin a taɓa komai, mai kati ya kira ma'ajiyar jini ya tambaya: akwai samfurin da wa'adinsa bai ƙare ba? Akwai ledar da aka ware ko aka riga aka fitar?

3. Idan majinyaci yana ɗakin tiyata, ko yana zubar jini, ko jini na shiga jikinsa, ko ana kan hanyar kai shi wani sashe, a jinkirta. Sunan da aka fara da shi, ko kuskure ne, da shi za a ci gaba har ƙura ta lafa. Suna mai kuskure da ya yi daidai a wurare huɗu ya fi aminci a kan suna na gaskiya da ke wuri biyu kawai.

4. Idan ya natsu, a tsayar da lokaci, gara da rana sa'ad da ma'aikata suka cika, ba lokacin sauyin aiki ba. A dawo da duk ledar da ba a ɗaura ba daga firijin ɗakuna, a duba ko ta cika sharaɗin komawa ajiya: ba ta wuce minti 30 a wajen firiji ba, ko an tabbatar ta zauna tsakanin digiri 2 zuwa 6.

5. Ma'aikata biyu su tsaya a gefen gado. A karanta tsohon awarwaro, a karanta sabo, a tabbatar lambar asibiti ɗaya ce, a ɗaura sabon sannan a yanke tsohon. Kada hannun ya zauna fayau ko na minti ɗaya. A tattara duk tsofaffin sitikun suna da suka rage a folda a yaga su, domin su ne ke komawa jikin kwalba da tsakar dare.

6. A ɗebi sabon samfur da sabon suna. A sake gwada rukuni da binciken antibodi (sinadarin da garkuwar jiki ke yi don yaƙar baƙin ƙwayoyin jini), a gwama da sakamakon baya. Sai sun yi daidai a sake gwajin dacewa, a buga sababbin sitikun leda.

7. Tsohuwar kwalba ba a sake mata rubutu. Ta zauna da tsohon sunanta a firiji aƙalla kwana 7 bayan ƙarin jini, ko da za a buƙace ta wajen bincike. Takardun ledojin da aka riga aka ƙara su ma ba a gyara su, sai dai a rubuta a rijista cewa wannan suna ya koma wancan a rana kaza.

Asibitoci da yawa a Amurka suna ɗaura awarwaro na biyu mai lambar ma'ajiyar jini ta musamman, wadda ke jikin kwalba da leda, kuma wasunsu kan ci gaba da tsohon samfur muddin lambar nan ba ta yanke ba. Inda babu wannan tsari, sabon samfur shi ne hanya. Ba wata asara ba ce babba, tunda samfurin wanda aka yi wa ƙarin jini ko mai ciki cikin wata 3 da suka wuce, awa 72 kawai yake yi kafin wa'adin samfurin ya ƙare.

Wanda aka kawo ba a san ko wane ne ba

Hatsarin mota kan kawo mutum biyar ko goma a lokaci guda, wasu a sume. Rubuta "Namiji, ba a sani ba 1" da "Namiji, ba a sani ba 2" da lambobi a jere gayyatar musanya ce, saboda alƙalami ɗaya ne ya raba su. A Disambar 2018 hukumar lafiya ta Ingila ta fitar da gargaɗi a kan haka, ta ce a riƙa ba irin waɗannan sunan wucin gadi na kalmomi biyu da aka zaɓa barkatai, da lamba mai alƙaluma 7 wadda ba a jere take ba, da ranar haihuwa 1 ga Janairu haɗe da shekarar da aka ƙiyasta daga kamannin mutum. Ƙiyasin shekarar yana da amfani, domin shi zai nuna wa ma'ajiya ko yarinya ce ko mace mai shekarun haihuwa.

Ana iya yin irinsa da kalmomin gida waɗanda ba sunan mutum ba ne, ba zagi ba ne, kuma ba su da haruffa masu ƙugiya: Gawo, Aduwa, Giginya, Zogale, Goruba. A guji sunayen garuruwa, tunda mutane na amsa su. A shirya ambulan tun kafin buƙata, kowace da awarwaro da fom da sitiku masu suna da lamba ɗaya, a ajiye a sashen gaggawa.

A ɗebi samfur kafin ledar farko ta shiga, domin bayan leda da yawa na rukunin O gwajin rukuni yakan fito gauraye. Kafin sakamako ya fito, jajayen ƙwayoyin rukunin O ake bayarwa. O nagatif yana da ƙaranci, don haka a tanade shi domin yara da mata 'yan ƙasa da shekara 50, maza da tsofaffin mata a ba su O fozitif.

Idan dangi suka bayyana suka faɗi sunansa, a rubuta a folda amma kada a taɓa awarwaro. Katin da aka samu a aljihun wanda ya suma ba hujja ba ne shi kaɗai, don mutane na riƙe katin 'yan uwansu. Sai ya farfaɗo ya faɗa da bakinsa, ko makusanci ya gan shi ido da ido ya tabbatar, sannan a bi matakai bakwai ɗin can. Ko da an gano yana da tsohuwar folda, ba a dogara da rukunin da ke cikinta har sai sabon samfur ya gaskata shi.

Jarirai

Jariri ba shi da suna sai ranar bakwai, kuma a kwanakin nan ne masu shawara mai tsanani ke buƙatar sauyin jini. A yi masa tasa lambar tun ranar haihuwa, sunansa "Jaririn wance" ko "Jaririyar wance" da cikakken sunan uwa, a rubuta lambar uwar a foldarsa. Haɗin nan wajibi ne, saboda a wata 4 na farko antibodin da ke jikin jariri na uwarsa ne, kuma da samfurin uwa aka fi son yin binciken. Kwalbar uwa sunanta da lambarta za ta ɗauka, ba na jariri ba.

'Yan biyu a rubuta "na 1" da "na 2" bisa tsarin fitowa, kowa da lambarsa. An raɗa suna yana kwance? A yi wa iyaye barka, a rubuta Hassan ko Usaini a gurbin sauran sunaye, a bar awarwaro yadda yake har sallama. Ranar da aka dawo da shi asibiti da sunansa na yanka, mai kati ya nemi foldar "Jaririn wance", kada ya buɗe sabuwa.

Uwar ma a kula da ita. Mai rukunin nagatif da ta yi awon ciki da sunan mahaifi, ta zo haihuwa aka rubuta ta da sunan miji, tana iya rasa allurar anti-D, mai hana jikinta yin antibodin da zai cutar da jaririn gaba, da ya kamata ta samu cikin awa 72 bayan haihuwa, don kawai sakamakonta yana wata folda.

Mutum ɗaya, folda biyu

Wani zai ce mene ne abin damuwa, tunda za a sake gwaji? Abin damuwar shi ne antibodi yana ɓuya. Wanda jikinsa ya taɓa yin antibodin Kidd (wani rukunin jini ne ban da ABO), misali anti-Jka, bayan watanni gwaji na iya nuna babu komai, gwajin dacewa ma ya wuce lafiya. A ƙara masa jini mai wannan alama, cikin kwanaki zuwa mako biyu garkuwar jiki ta farka ta farfasa ƙwayoyin. Tsohon rubutu ne kaɗai zai hana wannan. Masu sikila sun fi kowa shiga hatsarin, saboda yawan ƙarin jini da yawon asibitoci, ga shi kuma farfashewar takan zo da ciwon ƙashi da zazzaɓi, a ɗauka tashin ciwon ne da aka saba, a ƙara wani jinin, abu ya daɗa lalacewa. Duk antibodin da aka taɓa gani a jikin mutum ana girmama shi har ƙarshen rayuwarsa. A ba irin waɗannan majinyata ɗan kati su riƙa yawo da shi, mai ɗauke da dukan sunayensu da rukuninsu da antibodinsu.

Kafin a haɗe folda biyu, babban ma'aikacin ma'ajiyar jini ya ajiye su gefe da gefe. Suna da ranar haihuwa kaɗai ba su isa ba, a nemi NIN ko majinyacin ya tabbatar da zuwansa na baya. Rukunin ABO da na D (fozitif ko nagatif) su zama ɗaya a duka biyun. A kwashe kowane antibodi da kowace buƙata ta musamman da tarihin illar ƙarin jini zuwa lambar da za ta rayu. Lambar da aka rufe kada ta ɓace, duk wanda ya neme ta ta kai shi ga mai rai. Idan akwai shakka, a bar su a rabe da alamar "duba lamba kaza". Raba foldojin da aka haɗe bisa kuskure aiki ne na bin sakamako ɗaya bayan ɗaya, kuma ba kullum ake iya gane na wane ne ba.

Katin aro

Mutum kan zo da katin yayarsa ko na inshorar maƙwabci, saboda tsadar sabon kati ko dogon layi. Yawanci ma'ajiyar jini ce ke fara ganowa: rijista ta ce B, samfurin yau ya ce O. Da zarar haka ta faru a dakatar da fitar da jini, in akwai gaggawa a ba da O, a aika a ɗebo sabon samfur. Idan sabon ya koma B, kwalbar farko jinin wani ce, kuma akwai majinyaci na biyu a ɗakin da ya kamata a nemo yanzu, don wataƙila jininsa na yawo da sunan wani. Idan ya sake fitowa O, saura a duba katin aro, ko haɗe folda bisa kuskure, ko kuskuren da aka yi tun farko, ko dashen ɓargo, ko ƙarin jinin O mai yawa kwanan nan a wani asibiti.

Tambayar a yi ta a keɓe, ba gaban dangi ko sauran marasa lafiya ba, kuma ba da murya mai tuhuma ba: "Malam, jinin da ke rubuce a katin nan ya bambanta da naka. In na ɗan uwa ne ka faɗa mana, don kada mu sa maka abin da zai cuce ka." In ya amsa, a yanka masa tasa lamba, a ɗebi sabon samfur, a cire duk sakamakonsa daga foldar mai katin, har da na ƙanjamau da ciwon hanta, a sa alamar gargaɗi a foldojin biyu.

Ɓoye suna da gangan

Akan sakaya sunan fitaccen mutum, ko wanda ake farauta, ko ma'aikacin asibitin da ba ya son abokan aiki su sani. Ya halatta, da sharaɗi biyu. Sunan sakayen ya zama shi kaɗai ne a awarwaro da kwalba da fom da leda, majinyacin ya san shi don ya amsa shi a gefen gado. Sannan shugaban ma'ajiyar jini ya san ainihin lambar, ya duba tarihin antibodi da kansa, ya kwafo gargaɗin ba tare da sunan ba. Bayan sallama a mayar da bayanan ƙarin jinin ga ainihin folda.

Inda rijistar takarda ake amfani da ita

Ba sai da kwamfuta tsarin ke aiki ba. A jera katunan majinyata bisa lambar asibiti, a yi wani akwatin na haruffa inda kowane suna ke da katinsa mai nuni ga lambar: katin Dije ya ce "duba lamba kaza", na Khadija ma haka. Gyara a rijista layi ɗaya ake ja a kan tsohon rubutu yadda zai karantu, a rubuta sabo a sama, a sa hannu da rana. Farin ruwan goge rubutu ba shi da wuri a ma'ajiyar jini. Dokar Tarayyar Turai ta ce a iya bin sawun kowace leda daga mai bayarwa zuwa wanda aka ƙara wa har shekara 30, kuma a tsawon irin wannan lokaci mace na iya amsa sunan dangi uku. Katunan masu antibodi a ware musu akwati na dabam, a kwafe su a littafi na biyu da ake ajiyewa a wani ɗaki, saboda gara da ɗigon damina.